Na yi shekara ashirin ina ɓoye bakina, yaran unguwa ne suka tona ni

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in rubuta wannan labarin amma kullum sai in fara in goge, yau dai na ce bari in daure, ko Allah zai sa wani uba ko wata uwa ko wani malamin firamare ya karanta ya canza yadda yake yi wa yaro.

Ni mai in'ina ne. Ba irin 'yar in'inar nan da mutum zai ɗan maimaita kalma ya wuce ba, tawa irin wadda magana take tsaya min cak a maƙogwaro ce, baki a buɗe, ido a rufe, sai na buga ƙafa a ƙasa ko na daki cinyata kafin ta fito. Kuma abin takaici sunana da harafin da ya fi ƙi min yake farawa, wato duk inda aka ce "yaro ya sunanka" to an riga an gama da ni.

A cikin birnin Kano na tashi, kuma abin da ba na mantawa ina aji huɗu a firamare. Malam ya ce kowa ya miƙe ya karanta layi biyu, ana bin benci benci, ni kuma tun layin yana can gaba na lissafa inda zai faɗo min na fara maimaitawa a zuci, gumi yana bin bayana. Da aka zo kaina na miƙe, kalmar farko ta ƙi. Na yi na yi ta ƙi. Sai malam ya kwaikwaye ni, har da buga ƙafar, aji ya fashe da dariya, wasu har suna faɗowa daga benci, ya ce in zauna kar in cinye musu lokacin tara. Ban riƙe shi a zuciya ba yanzu, na san shi a ganinsa raha ya yi. Amma daga ranar ban sake ɗaga hannu a aji ba har na gama sakandare, ko da kuwa na san amsa, kuma wallahi sau da yawa na sani.

Mutane ba su san irin dabarun da mai in'ina yake rayuwa da su ba. In an aike ni siyan abu kuma sunan abin ya ƙi fitowa sai in nuna da hannu, in babu shi a fili sai in sayo wani abu daban in dawo gida in ce babu. Na sha cin shinkafa a wurin mai abinci alhali taliya nake so, don kawai "sh" ya fi min sauƙi. A adaidaita sahu na sha wuce inda zan sauka, in yi shiru har wani ya ce zai sauka sannan in bi shi in dawo da ƙafa. Waya kuwa in ta yi ƙara gabana ne yake faɗuwa, sai in bari ta katse in tura saƙo in ce ina cikin mutane.

Mahaifiyata, Allah ya saka mata da alheri, ba abin da ba ta yi ba. Na sha rubutu har ban san adadi ba, an yi min tofi, ta koya min addu'ar Annabi Musa da ke cikin Suratu Ɗaha inda ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa, har yau ina karanta ta kullum. Abin da ya riƙa ɗaure wa mutane kai shi ne a Islamiyya in ana karatu da ƙira'a ko ana rera waƙe tare ba na sarƙewa ko kaɗan, tas nake yi. Sai wasu suka ce ai iskanci ne, da gangan nake yi, har wani kawuna ya taɓa cewa a bar shi da ni kwana uku da bulala zan warke. Sai da na girma na karanta a waya cewa haka abin yake ga mafi yawan masu in'ina a duk duniya, in suna waƙa ko karatu tare da jama'a ba ta kama su, kuma ta fi yawa a maza, kuma yawanci tun yaro yana shekara 2 zuwa 5 take farawa. Ranar da na ga wannan sai da na yi hawaye, don na daɗe ni kaina ina zargin kaina.

Ga kuma maganar da ake cewa masu in'ina akwai zuciya. To ya ba za mu yi zuciya ba? Ana faɗa da kai an zage ka sau biyar kai ko ta farko ba ka rama ba, dole hannu ya riga baki.

Da na shiga jami'a lissafi na zaɓa, ba don na fi son shi ba, don na ga shi ne karatun da alli zai yi magana a madadina. Na lallaɓa haka har aji huɗu, sannan aka zo kwas ɗin da dole kowa ya tsaya gaban malamai da ɗalibai ya yi bayanin aikinsa. Na haddace komai, na yi ta gwadawa ni kaɗai a ɗaki ba matsala. Ranar na tsaya, na buɗe baki in yi sallama in faɗi sunana, shi ke nan. Ban san minti nawa na yi a tsaye ba. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi min, shiru kawai suka yi kowa ya sunkuyar da kai yana duba takarda. Na ajiye alli na fita, ban ko koma ɗaukar jakata ba sai wani abokina ne ya kai min. Kwas ɗin ya zama kariyoba, wato na faɗi sai na maimaita shi.

Ba a jima ba malaman jami'a suka tafi yajin aiki, 14 ga Fabrairun 2022, wanda ya kai wata takwas. Kowa yana kuka ni kuwa a raina daɗi na ji, kunya ce a faɗa amma gaskiya ce. Sai kuma cikin azumin shekarar Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Ni ne babba a maza. Zaman makoki aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suna zuwa rukuni rukuni, a yi addu'a a shafa, a juyo gare ni a ce ya haƙuri, amsar da ko yaron goye ya sani, ni kuma ta ƙi fita. Sai ƙanina ne ya koma yana amsawa yana godiya, ni ina gefe ina gyaɗa kai kamar baƙo. Daga baya na ji wata a dangi ta ce ɗan bokon nan girman kai gare shi, ko gaisuwar mutuwar ubansa ba ya iya amsawa.

Bayan sadakar bakwai na shige shagona da ke jikin soron gidanmu na rufe. Sallah kawai ke fito da ni, ita ma sai an tayar nake zuwa in tsaya sahun baya, ana sallamewa in zame. Abinci a ajiye min a bakin ƙofa. Na rame, barci ya ƙaurace min, dare ya yi in ta kallon silin ina lissafin cewa ni dai ba ni da amfani, ba zan iya koyarwa ba, ba zan iya intabiyu ba, ko zance wurin budurwa ba zan iya zuwa ba. Na yanke a raina ko an janye yajin aikin ba zan koma ba. Kusan wata uku ina haka.

Akwai wata ƙawar mahaifiyata a layinmu, tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, duk unguwa Malama ake ce mata. Tun kafin nan na san tana tara yara a garejin gidanta ranar Alhamis da Juma'a bayan la'asar, tunda ranakun ne ba a zuwa Islamiyyar yamma, yara suna gararamba a layi. Wata Alhamis ta zo da kanta ta buga min ƙofa, ta ce ɗana fito ka taimaka min, yaron da yake ɗauko min benci daga makarantar allo ya yi tafiya. Na fara ƙoƙarin ba ta uzuri ta ce ba magana na ce ka yi ba, benci na ce ka ɗauko. Na san da Umma suka ƙulla, amma ba ka iya ce wa irin su Malama a'a.

Na kwaso benci huɗu na jera, na koma bakin ƙofa na tsaya ina jira a tashi in mayar. Yara sun kai ashirin, daga masu shekara shida zuwa sha biyu, maza da mata, wasu da yunifom ɗin boko ba su cire ba, wasu ko takalmi babu. Ba allo, ba littafi, ba bulala. Abin da ke hannun Malama wani tsohon ludayi ne na duma, irin na shan fura. Dokar wurin ita ce wanda ludayi yake hannunsa shi kaɗai ke magana, ba mai katse shi, ba mai ƙarasa masa, ba mai dariya sai in abin dariya ya faɗa da niyya. Ka faɗi sunanka da abu ɗaya da ya same ka a satin, ka miƙa wa na kusa da kai. In ba ka son magana ka riƙe shi kaɗan ka miƙa, ba laifi. Wani ya ce akuyarsu ta haihu, wata ta ce an yi mata kitso ya yi zafi, wani ya ce ya ga gobara a hanyar Kurmi, ƙarya yake yi amma aka tafa masa. Bayan nan a yi tatsuniya, yaro ne zai tsaya ya ce ga ta nan ga ta nanku, a amsa masa ta zo mu ji ta. A yi kacici-kacici, baba na ɗaka gemu na waje, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Wani lokaci a raba su biyu a yi muhawara a kan damina da hunturu wanne ya fi, ko tuwo da shinkafa, ka ga yaro yana kare tuwo da jijiyar wuya kamar lauya.

Sati uku ina ɗauko benci ina tsayawa a bakin ƙofa. A na huɗu wata 'yar ƙaramar yarinya da ke ƙarshen benci, ludayi ya zo hannunta ta gama, maimakon ta mayar wa Malama sai ta juyo ta miƙo min. Na kalli Malama don ta cece ni, ta ɗauke kai tana gyara mayafi. Na karɓa. Na fara sunana ya tsaya, na rufe ido na buga ƙafa, yara biyu uku suka ƙyalƙyale, sauran suka ce musu kai doka doka. Kuma suka jira. Ban taɓa sanin akwai shirun da ba na tausayi ba sai ranar, su jira kawai suke su ji sunan, don a wurinsu haka ake yi wa duk mai ludayi. Da ya fito suka tafa kamar yadda suke tafa wa kowa, ba ƙari ba ragi. Yarinyar ta ce Kawu me ya sa kake magana haka? Na ce haka Allah ya yi ni, maganata tana da nauyi sai na jawo ta. Ta ce au, shi ke nan ta karɓi ludayinta.

Akwai wani yaro ɗan shekara takwas da kullum yake zama a lungu bayan tsohuwar taya, tun da nake zuwa ban taɓa jin muryarsa ba, ludayi na zuwa yake miƙawa kamar ya taɓa garwashi. Ranar da na yi magana ya ƙura min ido har aka tashi. Da nake mayar da benci ya zo ya kama ɗaya gefen, muna tafiya ya ce "n-n-ni ma". Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Daga nan ni da kaina nake jiran Alhamis. Na fara zama a cikin da'irar, na fara kawo kwali da kara muna yin mota, na koya musu wasan lissafi da 'ya'yan dabino. Har karya harshe muke yi, da kwaɗo da ƙato suka tafi neman ƙoto, kowa ya sarƙe a yi ta dariya, a nan ne kawai ni da masu lafiyar baki muke zama ɗaya. Yaron nan kuma ya fara faɗin sunansa, daga baya ya ƙara da jimla ɗaya, daga baya har ya yi rabin tatsuniyar Gizo.

A nan na yi kuskuren da har yau yake ci na. Malama ta shirya ɗan taro ta gayyaci iyaye su zo su ga abin da yaransu suke yi, don da yawa sun ɗauka lesin ne, suna tambaya nawa ne kuɗin wata kuma me ya sa ba a koya Turanci. Ni kuma na dage sai yaron nan ya yi jawabin maraba. Malama ta ce ɗana bai kai ba, ka bar shi, na ce ya kai. Gaskiyar magana ba don shi na dage ba, so nake ya rama min abin da aka yi min a aji huɗu da wanda ya same ni a jami'a, in tsaya a gefe in ga mai in'ina ya burge mutane. Ranar ya tsaya gaban iyaye kusan talatin, ga babansa a ciki, ya ce "Assa" ya tsaya. Ya rufe ido. Wata mata ta ce Allah sarki. Ni kuma da na fi kowa sanin zafin abin, na kasa jurewa, na ƙarasa masa da ƙarfi na ce alaikum. Ya buɗe ido ya kalle ni, ya ajiye ludayin a ƙasa ya fita.

Sati uku bai zo ba. Malama ba ta ce min komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Na je wurin babansa, mai faci ne a bakin titi, na same shi yana cire taya, ya ce Malam ku ƙyale yaron nan haka, kun sa an yi ta yi da shi a layi, uwarsa ma kuka ta yi. Na ba shi haƙuri na ce a ba ni izini in gan shi. Na same shi a soro yana gyara wata motar langa-langa da ƙafarta ta cire. Na zauna a ƙasa kusa da shi na riƙe masa waya yana ɗaurewa, mun fi rabin awa ba wanda ya ce uffan. Sannan na ce masa na yi maka laifi biyu, na sa ka abin da ba ka ce kana so ba, kuma na ƙwace maka magana, ka yafe min. Kalmar yafe ɗin ma sai da ta tsaya min, shi kuma ya jira ni har ta fito. Ban taɓa ba yaro haƙuri ba kafin nan, a tarbiyyarmu babba ba ya laifi. Bai ce ya yafe ba, ya dai ce in riƙe wayar da kyau. Alhamis ta biyu bayan nan na gan shi a bayan tayarsa.

Don Allah iyaye da malamai, in yaro yana in'ina kar ku ƙarasa masa magana, kar ku ce yi a hankali, kar ku ce ja numfashi, kar ku kawar da kai don kunya. Duk waɗannan an yi min da kyakkyawar niyya kuma duk abu ɗaya suke gaya wa yaro, wato ka gaji da jiransa. Ku kalle shi ku saurari abin da yake faɗa, ku amsa masa a kan abin da ya faɗa ɗin.

Kuma ba masu in'ina kaɗai ba ne. Akwai wata yarinya mai tallan awara, in tana kiran ciniki daga farkon layi ake jin ta, ta iya lissafin canji fiye da ni mai karatun lissafi, ba namijin da zai cuce ta ko naira biyar. Amma in ludayi ya zo hannunta sai ta rufe fuska da hijabi jikinta yana rawa. Na daɗe ban gane ba, sai daga baya na fahimci ba a taɓa tambayarta me take tunani ba, aike ne da kira da faɗa kawai. Wata biyar ta ɗauka kafin ta ba mu labarin kakarta a ƙauye, da ta fara kuwa sai da magariba ta raba mu. Ita ba ta daɗe ba aka cire ta, uwarta ta ce yammacin Alhamis lokacin ciniki ne, kuma ban ga laifin uwar ba don da cinikin ake cin tuwon dare. Na je sau biyu ban yi nasara ba. Har yanzu in ta gan ni a layi takan ce Kawu ina ludayi, ta saka min awara biyu gyara.

Da aka janye yajin aiki a watan Oktoban 2022 na koma makaranta, Malama ce ta ce in ban koma ba kar in sake taka mata gareji. Da lokacin maimaita kwas ɗin nan ya zo na tsaya gaban malamai, abin da na fara cewa shi ne ina da in'ina, zan ɗauki lokaci fiye da sauran, ina roƙon a jira ni. Na sarƙe ya fi sau ashirin, na buga ƙafa, gumi ya jiƙa min riga, amma na kai ƙarshe. C aka ba ni. Ban warke ba, kar wani ya ɗauka labarin warkewa nake bayarwa, yau ma da safe sai da na nuna wa mai shayi abin da nake so da hannu. Na dai daina cin shinkafa in taliya nake so.

Tafiyar kulob ɗin, wato taron yaran nan na gareji, ita ma ba sumul take ba. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ko biskit da fiya wata da muke raba musu sai da ya gagara, bayan cire tallafin mai a watan Mayun shekarar kuma wasu matasa biyu da suke zuwa taimaka mana daga wata unguwa suka daina saboda kuɗin mota. Ba mai biyan mu ko sisi, kuma akwai masu cewa zaman banza ne ya yi mana yawa. Akwai ranakun da nakan gaji, yara talatin a gareji cikin zafin Afrilu ba wasa ba ne, wata rana na daka musu tsawar da sai da na ji kunyar kaina.

Yanzu Malama ƙafa ta matsa mata, ba ta iya fitowa sosai, takan zauna daga ciki a kan kujera tana jin mu ta taga, mukullin gareji yana hannuna. Da safe ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi, ni ɗin nan da na rantse ba zan taɓa tsayawa gaban aji ba, ranar farko nake gaya wa kowane aji yadda bakina yake don mu huta. Yaron mai faci yana aji shida, in'inarsa tana nan daram, amma ya zama sarkin surutu, sai na ce masa malam a miƙa ludayi haka wasu ma su samu. Bai sake yarda ya yi jawabi gaban iyaye ba, ni ma ban sake tambayarsa ba.

Watan jiya ludayin ya faɗi ya tsage. Na je kasuwar Rimi na sayo na roba mai kyau ja, yara suka ce su sam ba su san wannan ba, wata ma ta ce wannan ai na koko ne. Sai da na yi yawo kwana biyu ina cigiyar gyartai kafin na samu wani tsoho ya ɗinke min shi, ya karɓi ɗari biyu yana ta mamakin wanda zai gyara ludayin da ko fura ba zai ƙara riƙewa ba. Na fara yi masa bayani maganar ta tsaya, ya ci gaba da harhaɗa kayansa, ni kuma na sa ludayin a aljihu na tafi ɗauko benci.